Bayan Ka Kaɗa Ƙuri'a: Wace Ƙofa Za Ka Ƙwanƙwasa?

Ya kai mai karatu, a darussan da suka gabata ka ga yadda ake yin rajista, da yadda ake karɓar katin zaɓe, da yadda ake dangwala yatsa a takardar ƙuri'a ba tare da ta lalace ba. Kaɗa ƙuri'a aikin yini guda ne. Wa'adin da ƙuri'ar take bai wa shugaban ƙasa da gwamna da 'yan majalisa kuwa shekara huɗu ne cur. Wannan darasi a kan waɗannan shekaru huɗun yake: yadda za ka isar da maganarka ga waɗanda aka zaɓa, ta hanyar da za ta sa a ji nauyin ba ka amsa.

Bari mu fara da kalmar da muke kiran ɗan majalisa da ita, wato wakili. A Hausa, wakili shi ne wanda ka tura ya tsaya a madadinka, kamar wakilin ango a wurin ɗaurin aure. Wanda ya yi aike kuwa yana da ikon ya tambayi ɗan aike yadda aka kwana. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ma a kan wannan turba yake. Sashe na 14 ya bayyana cewa mulki na jama'a ne, daga gare su gwamnati take samun ikonta, kuma wajibi ne a tabbatar da shigarsu cikin harkokin gwamnatinsu. Saboda haka idan ka rubuta wa wakilinka takarda, haƙƙinka kake nema, babu dalilin da za ka sunkuyar da kai kamar mai roƙon alfarma.

Wa ke riƙe da me?

Yawancin koke-koken da suke mutuwa a hanya, ƙofar da aka kai su ce ba daidai ba. Duk inda kake zaune a jihohi 36 na ƙasar nan, kana da kansila a gundumarka, da shugaban ƙaramar hukuma, da ɗan Majalisar Dokokin Jiha, da gwamna, da ɗan Majalisar Wakilai ɗaya daga cikin 360, da sanata ɗaya daga cikin 109, sannan shugaban ƙasa. Kowannensu da iyakar gonarsa.

Ƙaramar hukuma ita ce mafi kusa da ƙofar gidanka, ita ce kuma aka fi mantawa da ita. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi 774 kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, da maƙabartu, da kwashe shara, da magudanan ruwa, da titunan cikin unguwa. Suna kuma da hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci. To, idan kwata ta toshe a bakin kasuwarku har ruwa yana shiga rumfuna, takardarka ta fara zuwa ga kansila da shugaban ƙaramar hukuma. In ka kai ta wurin sanata, iyakarsa ya tausaya maka. 'Yan sanda da soja da fasfo da kwastan kuwa na gwamnatin tarayya ne.

Ka kuma bambance mai yin doka da mai zartarwa. Ɗan majalisa aikinsa uku ne: yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da bin diddigin yadda ma'aikatu suke kashe abin da aka ware musu. Ba shi yake ba da kwangila ba. Mutane da yawa suna auna ɗan majalisa da buhun shinkafar da ya raba a azumi ko gudummawar da ya aiko a suna, kuma 'yan majalisar da dama sun gano cewa wannan awon ya fi musu sauƙi. Tambayar da ta fi yi maka amfani ita ce: wane ƙuduri ya gabatar, wane kwamiti yake ciki, me ya ce ranar da aka tattauna kasafin ilimi?

Akwai wani abu da ya shafi wanda aka haifa ko ya yi kaka-gida nesa da garin iyayensa, kamar mazauna Sabo a Ibadan, ko Agege da Idi-Araba a Legas, ko Ama Hausa a Owerri. Wakilinka shi ne na mazaɓar da ka yi rajista. Idan rumfar zaɓenka a Agege take, ɗan majalisar Agege naka ne, ko da kakanka daga Katsina ya zo, ko da harshenku ba ɗaya ba ne da ɗan majalisar. Al'adar bin ta hannun Sarkin Hausawa da dattawan unguwa tana da kyau, tana kuma buɗe ƙofofin da matashi ba zai iya buɗewa shi kaɗai ba. Amma ba ta soke haƙƙinka na rubutawa da sunanka da adireshinka a matsayin mai zaɓe a wannan mazaɓa.

Yadda ake rubuta koke

A yau kusan kowane matashi yana da waya a hannu, kuma ta rage wahalar da iyayenmu suka sha. Da ita za ka ɗauki hoton ginin da aka watsar, ka nemo sunan wakilinka da kwamitin da yake ciki, ka aika wasiƙa ta intanet ba tare da ka biya kuɗin mota ba. Sai dai ka lura: fusatar da ka zuba a WhatsApp ko Facebook tsakanin abokanka ba ta shiga rajistar kowane ofis. Ma'aikacin gwamnati takarda mai kwanan wata yake jin tsoro, domin ita ce za a iya fito da ita gobe a ce an sanar da shi.

Koke mai kyau gajere ne, kuma a kan matsala guda yake tsayawa. Wanda ya haɗa rashin ruwa da tsadar shinkafa da rashin aikin yi a takarda ɗaya ya ba mai karɓa damar ya ce abin ya fi ƙarfin ofishinsa. Ka faɗi wurin da abin yake dalla-dalla, da sunan titi da gunduma. Ka faɗi tun yaushe, da waɗanda abin ya shafa, da abin da idonka ya gani. Abin da ka ji a majalisar mai shayi ka bar shi a can har sai ka tabbatar. Sannan ka rufe da buƙata bayyananniya: a zo a duba, ko a yashe magudanar kafin damina, ko a gaya mana ranar da za a koma aiki. Zagi da ƙazafi suna ba wanda ake ƙara hujjar kau da kai daga maganar, suna kuma iya jawo maka shari'a.

Idan ka kai takardar da hannu, ka tafi da kwafi biyu, ka nemi a buga hatimi da kwanan wata a kan naka. Idan ta intanet ka aika, ka adana saƙon. Takardar da mutum hamsin suka sa wa hannu, ko wadda ta fito daga ƙungiyar 'yan kasuwa ko kwamitin iyaye da malamai, ta fi ta mutum ɗaya nauyi. Bayan mako biyu ko uku ka koma ka tambaya, kana ambaton kwanan watan takardar farko. A nan ne mafi yawan mutane suke gajiya.

Majalisar Dattawa da ta Wakilai kowacce tana da kwamitin da yake sauraron koke-koken jama'a, kuma ta hannun ɗan majalisa ake gabatar da koken a zauren. Haka kuma kwamitoci sukan kira zaman jin ra'ayin jama'a kafin a zartar da muhimmin ƙuduri, inda ƙungiya ko mutum ɗaya zai iya miƙa ra'ayinsa a rubuce. Idan kuwa wata ma'aikata ce ta zalunce ka ko ta yi ta ja maka rai, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975. Tana da ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan ko kwabo.

Dokar da take ba ka ikon tambaya

A watan Mayu na 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai. Ƙarƙashinta kowa yana da damar ya rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani: nawa aka ware wa wannan aikin, wa aka ba, nawa aka biya? Ba sai ka faɗi dalilin tambayarka ba. Hukumar tana da kwana 7 ta ba da amsa, ko ta bayyana a rubuce dalilin hanawa, kuma a wasu yanayi za ta iya ƙara wasu kwana 7. In ta hana ka, kana iya zuwa kotu cikin kwana 30. Wanda bai iya rubutu ba, ko mai wata naƙasa, yana iya nema ta hannun wani. Dokar ta keɓe wasu abubuwa, kamar sirrin tsaro da bayanan da suka shafi rayuwar mutum ta ƙashin kansa. Gaskiya ne hukumomi da yawa suna yin biris da wa'adin. Duk da haka, takardar da ta ambaci dokar da kwanakinta ba a cika jefar da ita da sauri kamar takardar roƙo ba.

Shin ana ji kuwa?

Wani lokaci ana ji. Kafin 2018, sai mai shekara 30 yake iya tsayawa takarar Majalisar Wakilai ko ta jiha, sai kuma mai shekara 40 yake iya neman shugabancin ƙasa. Matasa suka ɗauki maganar rage waɗannan shekaru. Sun yaɗa ta a intanet, amma ba a nan suka tsaya ba. Sun samu 'yan majalisar da suka gabatar da ƙudurin, sun yi tattaki zuwa Majalisar Tarayya, sun bi majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya, domin gyaran Kundin Tsarin Mulki yana buƙatar amincewar aƙalla 24 daga cikin 36. Ranar 31 ga Mayu, 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu. Shekarun takarar majalisun biyu suka koma 25, na shugaban ƙasa 35. Abin ya ɗauki kimanin shekara biyu ana bi.

Kiranye

Idan wakili ya toshe kunne gaba ɗaya, sashe na 69 da na 110 sun tanadi kiranye ga 'yan Majalisar Tarayya da na jihohi. A tsohuwar Hausa, kiranye asiri ne da ake yi don a dawo da wanda ya yi nisa ya ƙi waiwayar gida, kuma da wuya a samu kalmar da ta fi ta dacewa a nan. Sai dai na Tsarin Mulki da sa hannu ake yin sa. Dole fiye da rabin masu rajista a mazaɓar su sa hannu a takardar cewa sun daina amincewa da wakilin. Hukumar INEC za ta tantance sa hannun, in ya cika sai ta gudanar da ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90 daga ranar da ta karɓi takardar. Hanya ce mai tsauri ƙwarai. A 2018 an gwada ta a mazaɓar sanatan Kogi ta Yamma, amma sa hannun da aka tabbatar bai kai kashi 6 cikin 100 na masu rajista ba, maganar ta tsaya nan. Kiranye bai shafi gwamna ko shugaban ƙasa ba. Su majalisa ce take iya tsige su.

Ka san kuma iyakar hukumar zaɓe. Za ka iya kawo mata kuka idan sunanka ya ɓace daga rajista, ko an yi kuskure a katinka, ko kana son mayar da rajistarka inda ka koma da zama. Ofishinta yana kowace ƙaramar hukuma. Amma ba ta hukunta ɗan siyasa don ya saɓa alkawarin da ya ɗauka a yaƙin neman zaɓe, kuma in ban da na Babban Birnin Tarayya, zaɓen ƙananan hukumomi hukumar zaɓen jiha ce take shirya shi.

Aikin wannan darasi

Kafin ka buɗe darasi na gaba, ɗauki takarda ka rubuta sunan gundumarka da lambar rumfar zaɓenka kamar yadda suke a katinka. A ƙarƙashinsu ka rubuta sunayen mutum bakwai da aka ambata a sama, daga kansila zuwa shugaban ƙasa, da inda ofishin kansila da na ɗan majalisar jiharka suke. Wanda ka kasa tunawa, ka tambaya. Daga nan ka zaɓi matsala guda a unguwarku, ka yanke shawarar wane ne daga cikin bakwai ɗin take wuyansa, ka rubuta masa koke da bai wuce layi goma ba, ka karanta wa wani babba a gida ya gaya maka ko ya gane abin da kake nema.