KUNNE MAI ZUBAR DA MUGUNYA

Da wuya ka shiga ƙauye ba ka ga yaron da kunnensa ke zubar da mugunya ba, ƙudaje suna binsa. Iyaye su kan ce in ya girma za ya daina. Amma ta haka yara da yawa su ke kurumcewa, waɗansu har su rasa ransu.

Bari mu ga yadda abin ya ke somawa. Zurfin ramin kunne kamar inci guda ne. A ƙarshensa akwai wata fata marar kauri, a ɗaure kamar fatar ganga, ita ce dodon kunne. A bayanta akwai ɗan ɗaki mai iska, da ƙananan ƙasusuwa 3 masu miƙa sauti can ciki. Daga ɗakin nan wata 'yar hanya ta gangara zuwa bayan hanci. Sa'ad da yaro ya yi mura ko ƙyanda, hanyar ta kan kumbura ta toshe, ƙwayoyin cuta su hayayyafa, mugunya ta taru. Hanyar yara gajeriya ce, a kwance kuma ta ke, shi ya sa ciwon ya fi kama su.

Sai ka ga zazzaɓi, da kuka cikin dare, jariri yana ta jan kunnensa. Wani lokaci dodon kunne ya kan fashe, mugunya ta fito, zafin ya kwanta. A nan ne uwa ta kan ruɗu, gama tana tsammani an warke.

A asibiti likita yana da 'yar fitila ta leƙa kunne. Lafiyayyen dodon kunne yana da sheƙi. Mai ciwo kuwa ja ne, a kumbure, ko kuwa a ga huda a jikinsa. In ciwon sabo ne, a kan ba da farasitamol domin zafi, sau da yawa kuma da amoksisilin na kwana 5. Lalle a shanye shi duka, ko da yaron ya koma wasa.

In mugunya ta kai kwana 14 tana zuba, ciwon ya daɗe ke nan, aikin kuma ya fi yawa a hannun uwa. Ta naɗe tsumma mai tsabta kamar lagwani, ta sa a kunnen ya tsotse ruwan, ta sāke wani, har ya fito a bushe. Sau 3 a rana za ta yi haka, kāna ta ɗiga maganin da likita ya bayar. Kada ruwa ya shiga kunnen wurin wanka, yaron kuma ya bar iyo a rafi. Kada a zuba mai ko ruwan ganye a kunnen da ya huje.

In aka ga kumburi mai zafi a bayan kunne, ko wuya ya sanƙare, ko yaron yana ta barci ba a iya tashe shi, a kai shi asibiti ran nan. Tsakanin kunne da ƙwaƙwalwa ƙashi ne marar kauri.

Akwai kuma masu sosa kunne da tsinken ashana ko gashin kaza. Daudar kunne ba cuta ba ce, da kanta ta ke fitowa, sosawa kuwa tura ta ciki ta ke yi. In yaro ya cusa ƙwayar wake ko masara, kada a zuba ruwa, gama za ta kumbura. A bar wa likita ya cire.

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya hana ta. Malamin makaranta, in kana da yaron da ba ya amsawa sai ka ɗaga murya, kada ka yi saurin ce masa daƙiƙi. Tsaya a bayansa, ka faɗi wata kalma a hankali, ka ga ko za ya maimaita. In ya kāsa, aika wa iyayensa su kai shi a duba.