Darasin wannan wata: Ba a haƙa ramin guba sai da takardar hukuma da bakin masu gari

Ƴan uwa masu karatu a cibiyoyin yaƙi da jahilci na Jiratawa, da Tibiri, da birnin Maraɗi, darasinmu na wannan wata a kan datti ne. Dattin tsakar gida kowa ya san shi. Mata su share, a kai gona, ya ruɓe ya zama taki. Amma akwai wani datti wanda ba ya ruɓewa, kuma ba ya zama taki. Shi ake kira dattin guba.

Mene ne dattin guba?

Ragowar maganin ƙwari da ya lalace a cikin sito, da bidon da aka juye shi, dattin guba ne. Haka tsohon batirin mota, da dalmar da ke cikinsa, da ruwansa mai cin fata. Haka baƙin man da aka juye daga inji. Haka ruwan da ke fitowa daga masana'antar jima, inda ake jeme fatu da sinadari maimakon bagaruwa. Mutanen Kano da ke bakin kogin Challawa sun daɗe suna kuka da irin wannan ruwa.

Maraɗi tana girma, irin wannan datti kuma yana ƙaruwa. Tilas a sami wurin da za a tara shi, a ƙone wanda ke ƙonuwa cikin tanderu na musamman, a binne wanda ake binnewa cikin rami mai daɓe. In babu wurin, kowa zai zuba nasa a bayan gari ko cikin gulbi da dare. Saboda haka gina wurin ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne: a ina za a gina shi, wa ya ba da izni, kuma an tambayi mutanen da za su kwana kusa da shi?

Ruwanmu a ƙarƙashin ƙafarmu yake

Mu mutanen kwarin Gulbin Maraɗi maganar nan ta fi shafarmu. Gulbin ya taso daga Najeriya, ya biyo ta ƙasar Madarunfa, ya wuce Jiratawa, da Maraɗi, da Tibiri, da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya. Da rani gulbi yana ƙafewa, amma ruwa yana nan kwance ƙarƙashin rairayi. Shi rijiyoyinmu ke tarar wa. Shi kuma famfuna ke jawowa a fadamar noman rani ta Jiratawa, wadda aka gyara a farkon shekarun 1980, mai faɗin hekta 500 da ƴan kai. Zogale, da albasa, da tumatir, da masarar da ake kai wa kasuwa, duk wannan ruwa suke sha.

Rairayi ba ya riƙe ruwa. Ku zuba bokiti guda a kan jigawa ku gani, nan da nan ya shige. Guba ma haka take shigewa. In ta kai ga ruwan ƙasa, ba tsintsiyar da za ta share ta.

Kuma ba kullum ake ganin guba da ido ba. Mutanen Tibiri sun fi kowa sanin haka. Daga 1985 aka riƙa ba garin ruwan wata rijiya mai zurfi. Ruwan garai-garai yake. Ashe akwai wani sinadari a cikinsa mai suna fuluwo, wanda ya ninka abin da jiki ke iya ɗauka fiye da sau 3. Sai da aka yi wajen shekara 15 ana sha. Haƙoran yara dubbai suka rine, ƙafafun ɗaruruwa suka lanƙwashe. Wannan ba datti ne wani ya zuba ba, daga cikin ƙasa sinadarin yake. Amma ya nuna mana cewa hasken ruwa ba shaida ba ne. Awo ne shaida.

Abin da ya faru a Koko

Koko ƙaramin gari ne mai tashar jirgin ruwa a kudancin Najeriya, cikin jahar Delta ta yanzu. A 1987 da 1988 wani ɗan kasuwa na ƙasar Italiya ya riƙa kawo gangunan ƙarfe, irin waɗanda muke kira tano, dubbai, cike da dattin masana'antu. Nauyinsu ya kusa ton 4,000. Ya sami wani mutumin garin mai fili, ya ce zai riƙa ba shi dalar Amurka 100 kowane wata kuɗin haya. Mai fili ya yarda. Maƙwabta ba wanda ya tambaye su.

Rana ta bugi gangunan, suka kumbura, wasu suka fara yoyo. Asirin ya tonu a watan Yuni na 1988, bayan ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya sun rubuto wa jaridun gida. Ku lura, rubutu ne ya tona shi. Gwamnatin Najeriya ta kira jakadanta gida, ta tsare wani jirgin Italiya, har aka zo aka kwashe kayan. Wasu daga cikin leburorin da suka yi aikin kwashewa sun ƙone a jiki, wasu sun kwanta asibiti.

A shekarar nan Najeriya ta kafa doka mai hukuncin ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan kaya. A watan Janairu na 1991 ƙasashen Afirka suka taru a Bamako, suka ƙulla yarjejeniyar hana shigo da dattin guba daga waje. Nijar tana cikin waɗanda suka amince. Tsarin mulkin Nijar na 2010, wanda aka yi aiki da shi har 2023, ya kira shigo da dattin guba na waje ko binne shi laifi a kan ƙasa baki ɗaya.

Takarda kaɗai ba ta isa ba

Wani zai ce, to, in mutum ya nuna takardar hukuma ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Ga labarin Abijan, babban birnin kasuwancin Kodebuwa.

A watan Agusta na 2006 wani jirgin ruwa mai suna Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya, ya sauke ruwan datti a tashar Abijan. An fara kai shi Amstadam ta ƙasar Holan, aka ga kuɗin gyara shi ya yi yawa, aka juyo da shi. Wani ƙaramin kamfani na Abijan mai suna Tommy ya karɓi aikin da araha. Yana da takardar izni, amma ƴan makonni kawai da samunta, kuma ba shi da wurin gyara guba. Motocin tanki suka bi dare suna zubarwa a juji da kwatami cikin unguwanni. Da safe gari ya game da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Aƙalla mutum 15 suka mutu bisa ƙidayar hukuma, fiye da 100,000 suka je neman magani. Ministocin ƙasar duka suka yi murabus. A 2007 Trafigura ta biya gwamnati miliyar 100 na sefa, ba tare da ta amsa laifi ba. A 2008 aka ɗaure shugaban Tommy shekara 20.

Hatimi yana kan takarda, amma ba wanda ya je ya ga inda za a zuba kayan.

Yadda doka ta tsara a Nijar

Tun 1966 Nijar ke da doka a kan wuraren aiki masu haɗari, ko masu ƙazanta, ko masu damun maƙwabta. Ta kasa su aji 3. Aji na farko su ne mafi haɗari, doka ta ce a nisanta su da gidajen mutane, kuma ba a buɗe su sai da izni. Kafin iznin akwai binciken da ake kira komodo-inkomodo. Kalmar tana da nauyi a baki, amma ma'anarta mai sauƙi ce: wa abin zai yi wa daɗi, wa zai cuta. Ana liƙa sanarwa, a buɗe babban littafi, kowa ya zo ya sa abin da ke ransa.

A 1998 aka yi babbar dokar kare muhalli, a 2018 kuma aka yi dokar auna illar manyan ayyuka. Yanzu mai son gina irin wannan wuri zai fara kai takardar aikinsa ga ministan muhalli. Akwai ofishin da ke duba ta, ana kiransa BNEE. Mai aikin zai ɗauki masana da kuɗinsa, su zo su auna ƙasa, da zurfin ruwa, da inda iska ke kaɗawa, su ƙidaya gidaje da gonaki da rijiyoyi. Wajibi ne su zauna da mutanen wurin su ji ta bakinsu, su sa abin da aka faɗa cikin rahoto. Ofishin zai duba rahoton. In ya gamsu, minista ya sa hannu a takardar shaida, tare da sharuɗɗan da mai aikin zai kiyaye. Sai bayan wannan ake sa diga a ƙasa.

Kun ji wanda ke biyan masanan: mai aikin ne. Ba mu ce za su yi ƙarya ba. Amma baƙo ne ya zo kwana 3 da rani. Bai ga inda ruwa ke bi a watan Agusta ba. Bai san burtalin da shanu ke bi ba, bai san tsohuwar rijiyar da mata ke komawa in famfo ya tsaya ba. Ku kuka sani. In ba ku faɗa ba, ba zai shiga rahoto ba.

Ranar taro

Sau da yawa irin wannan taro yana ƙarewa a ƙofar maigari, da dattawa 10, da goro, da hoto. A zagaya da takarda kowa ya dangwala yatsa. Daga baya a ce gari ya yarda. A ganinmu wannan gaisuwa ce, ba shawara ba.

Ku roƙi maigari ya sa a yi shela tun da sauran kwanaki, kuma kada a sa taron ranar kasuwa. Mata su zo, don su ke ɗiban ruwa, su ke fara ganin ciwo a jikin yaro. Makiyaya su zo. Shugabannin ƙungiyar manoman fadama su zo. Ku ce a yi bayani da Hausa. In baƙon Faransanci kawai yake ji, a sami tafinta wanda kuka yarda da shi.

Sannan ku yi tambaya, matambayi ba ya ɓata. Wane irin datti ne, daga ina za a kawo shi, mota nawa a wata? Mita nawa tsakanin gindin ramin da ruwan ƙasa? Da me za a daɓe shi? Wa zai riƙa auna ruwan rijiyoyinmu, sau nawa a shekara, kuma wa zai karanta mana sakamakon? Ku nemi a auna ruwan tun kafin a fara aiki, a bar muku kwafin takardar. In ba a san yadda ruwan yake jiya ba, ba a iya nuna cewa ya lalace yau. Tambaya mafi wuya ita ce ta ƙarshe: ranar da ramin ya cika, ko kamfanin ya karye ya tafi, wa zai tsare wurin? Dalma ba ta tsufa. Jikokinku za su tarar da ita yadda aka binne ta.

Za a yi muku alkawarin aiki ga samari, ko aji, ko rijiya. Ku ji, ku ce a rubuta. Amma kada alkawari ya hana a amsa tambayar ruwa.

Takardar sunayen waɗanda suka zo taro daban, takardar yarda daban. Kafin kowa ya dangwala, ɗaya daga cikinku ya karanta kanta da ƙarfi kowa ya ji. Wanda bai yarda ba, yana da ikon cewa a rubuta bai yarda ba, da dalilinsa. Taron ba ƙuri'a ba ne, hukuma ce ke yanke magana. Sai dai maganar da aka rubuta tana tafiya har Yamai, kuma ana iya fito da ita gaban alƙali. Wadda aka yi a gindin bishiya nan take kwana.

Mai fili ma ya kula

Gonakin da ke kewaye da Maraɗi sun yi tsada, masu saye suna yawo. In wani ya zo neman haya ko sayen fili mai nisa da hanya, yana gaggawa, yana ba da kuɗin da ya wuce kima, ku tambaye shi abin da zai ajiye. Ku yi cinikin gaban maigari da kwamitin kula da filaye na gari, wanda ake kira kofo, a rubuta abin da za a yi da filin. In kun ga ana sauke ganguna ba takarda, kada ku taɓa, kada ku buɗe, kada yara su matsa. Ku sanar da maigari, da ma'aikatan muhalli, ko jandarma. Tanon da ba ku san abin da ya taɓa ɗauka ba, ko kyauta aka ba ku, kada ya shiga gida don ajiyar ruwa.

Aikin cibiya

Malami ya zana taswirar gari a allo. Ɗalibai su nuna inda kowace rijiya take, da hanyar da ruwan sama ke bi zuwa gulbi, da burtali, da makaranta. A tambayi masu haƙar rijiya gaba nawa suke yi kafin su tarar da ruwa a kowace unguwa, a rubuta lambar kusa da rijiyar. Bayan haka kowa ya rubuta layi 3 a littafinsa kamar yana rubutu cikin littafin komodo-inkomodo: sunansa, da unguwarsu, da tambayarsa guda. A kwafe taswirar a takarda, a kai wa maigari ya adana.