Sigarin lantarki a dama, karan sigari a hagu

Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana zuƙar sigari, tari ya fara hana shi barci, wani aboki ya ce masa ya sayi sigarin lantarki. Irin wannan mutum ya yawaita a ɗakin duba marasa lafiya, kuma kusan kowanne da ɗaya daga cikin maganganu biyu yake shigowa, waɗanda duka sun gundure ni. Wannan ya ce ai tururin ruwa ne kawai. Wancan ya ce ya gani a WhatsApp cewa ya fi sigari kisa.

Ba ruwa ba ne. Abin da ke cikin 'yar kwalbar haɗi ne na nikotin da kayan ƙamshi da wasu sinadarai masu yauƙi irin su gilisarin, sai wata siririyar waya ta dumama su da wutar batir. Na'urar ma ba ta tsufa ba, domin a 2003 ne wani mai harhaɗa magunguna ɗan China, Hon Lik, ya ƙirƙiro ta, shekarunta ba su kai a ga abin da take yi wa huhu bayan shekara arba'in ba. Wanda bai taɓa shan sigari ba, ba shi da abin nema a wurinta.

Maganar ta biyu kuwa tushenta Amurka ne. A 2019 cutar huhu ta ɓarke a can, zuwa Fabrairun 2020 an kwantar da mutum 2,807, 68 sun mutu. Da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta bi diddigi, sai ta gano cewa mafi yawan matsalar daga ruwan wiwi na bayan fage ne, wanda 'yan algus suka gauraya da wani maiƙon bitamin E. Masu yaɗa maganar a WhatsApp ba su taɓa kawo wannan ƙarshen labarin ba.

Abin da ke kashe mashayin sigari ƙonawa ce. Ganyen taba idan ya ci wuta yana fitar da sinadarai sama da 7,000, kimanin 70 daga ciki an san suna jawo ciwon daji, ga kwalta mai manne wa huhu, ga iskar nan mai guba da ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a ɗaki. Sigarin lantarki ba ya ƙona komai. Shi ya sa hukumar lafiya ta Ingila ta ce a 2015 illarsa ta yi ƙasa da ta sigari da kusan kashi 95 cikin 100. Masana da yawa sun yi jayayya da wannan adadi, Hukumar Lafiya ta Duniya ma har yau ba ta saki jiki da sigarin lantarki ba, amma a wani gwaji da aka wallafa a 2019 a kan mashaya 886 a Ingila, kashi 18 na waɗanda aka ba sigarin lantarki sun daina sigari bayan shekara guda, na masu amfani da cingam da filastar nikotin kuwa kashi 10 ne.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mutum ya sayi na'urar, a ofis da cikin mota da gaban iyali ita yake zuƙa, amma bayan shayin safe sai ya kunna kara ɗaya, bayan tuwon dare ɗaya, a majalisa da abokai biyu. Sai ya zo yana murmushi: "Likita, daga kwali guda na dawo kara huɗu." Ni ba na taya shi murna. Binciken da mujallar BMJ ta buga a 2018 ya nuna cewa mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan kara ashirin. Jijiyoyin jini ba sa yin lissafin da kake yi. Duk amfanin sauyawar yana cikin barin hayaƙi gaba ɗaya. Ka sa rana, ka kyautar da leta, kada ka bar "na ko-ta-kwana" a aljihun mota.

Yawanci abin da ke mayar da mutum ga sigari ƙarancin nikotin ne. Sabon shiga yakan zaɓi mafi rauni don yana ganin shi ne mai aminci, sai ƙwaƙwalwa ta ƙi ƙoshi. Idan kai mai kunna sigari ne cikin rabin sa'a da farkawa, fara da ruwa mai nikotin miligiram 18 zuwa 20 a kowace mililita. Wannan 20 ɗin shi ne iyakar da doka ta yarda a Ingila da Tarayyar Turai. Waɗannan masu launi-launi da ake yarwa bayan an gama, da za ka ga an rubuta 5% a jikinsu, miligiram 50 ke nan. Idan ka ji jiri, tashin zuciya ko ciwon kai, nikotin ya yi maka yawa. Ja a hankali, doguwar zuƙa mai taushi, domin nikotin ɗinsa ba ya isa kai da saurin na sigari. Tari da bushewar maƙogwaro a makon farko ba abin tsoro ba ne, sha ruwa.

Masu shaguna kuma su ji tsoron Allah. Mai ɗanɗanon mangwaro da kankana ba don dattijo mai tari aka jera shi kusa da alewa ba. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, ta hana sayar da sigari kara-kara, amma je wurin kowane mai tebur ka gani.

Mai juna biyu da mai ciwon zuciya su ga likita kafin su taɓa komai. A ɓoye kwalbar ruwan inda yara ba za su kai ba, don kurɓa kaɗan tana iya kai yaro asibiti. Kada a sa batir tsirara a aljihu tare da makulli. Bayan ka yi wasu watanni ba ka kunna ko kara ɗaya ba, sai ka fara sauko da ƙarfin nikotin daga 18 zuwa 12, zuwa 6, zuwa 3, har ka ajiye na'urar ita ma. Idan sha'awar sigari ta dawo a wani mataki, koma na sama da shi, ka ƙara jira.