Faifan inci 9 a kan ƙaramar giranda

Guntaye huɗu aka tsinto na faifan, aka kawo mini shago a cikin baƙar leda. Na biyar ɗin ma'aikatan asibiti ne suka ciro shi daga kuncin yaron. Tun kafin in jera su a kan benci na san abin da ya faru, domin faifai ne na inci 9 da ya sha aiki ya ragu, girandar da aka haɗo da shi kuwa ƙarama ce, ta inci 4 da rabi, kuma babu murfi a jikinta.

Yaron ba baƙona ba ne. Ya yi 'yan watanni a shagona nan Bukkuyum. Yana da hannu, yana da ladabi, amma bai wuce riƙe ƙarfe da miƙo sifana ba. Kawunsa ya ga aiki na shigowa, ya saya masa giranda ta hannu da ɗan janareta, ya kafa masa rumfa a ƙofar gida. Na same shi na ce, "Alhaji, yaron nan bai isa yaye ba." Ya ce, "Haba Malam, ai yanka ne zai riƙa yi, ba walda ba."

Ran da abin ya faru, wasu masu haƙar zinariya ne suka kawo masa shaf ɗin babbar mota, kaurinsa ya kusa inci 2, suna so a datsa musu su kai wa maƙeri ya fitar musu da cizal na fasa dutse. Ƙaramin faifai ba ya ratsa irin wannan kaurin a shiga ɗaya, sai an yi ta juya ƙarfen. Su kuma suna tsaye a kansa, ɗan acaɓa na jira, ana ta "yi sauri, rana na yi." Sai ya tuna da wani tsohon babban faifai da aka ba shi kyauta. Ramin tsakiyarsu ɗaya ne, don haka ya zauna daram. Murfi ne ya hana shi juyawa, ya kwance murfin ya ajiye gefe. Ba shi da bais. Ya ɗora shaf ɗin a kan bulo biyu, ya sa ƙanensa ya zauna a kan baki ɗaya, shi ya taka ɗayan, ya sunkuya yana yanka a tsakiya, fuskarsa saitin faifan. Da yankan ya yi nisa, ƙarfen ya sauka ya matse faifan. Ko ƙara yaron bai samu yi ba, faifan ya tarwatse.

Guntun ya tsaga kunci ya haura ido. An ɗinke shi a nan, aka ce batun ido sai Gusau ko Sakkwato. Magariba ta riga ta yi, kuma kowa ya san halin hanyoyinmu yanzu, babu direban da zai tashi da dare. Aka kwana da shi yana ta nishi, uwarsa zaune bakin gado. Da safe aka tafi, amma idon bai dawo ba. Ƙanen, wanda bai kai shekara goma ba, Allah ne kaɗai ya tsare shi, don wani guntun ta saman kansa ya bi ya huda kwanon rumfar. Na je na ga hudar, yatsana biyu sun shiga.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zaman jaje. Kowa ya shigo sai ya ce tsautsayi ne. Na yi imani da ƙaddara, amma da hannu aka kwance murfin nan, kuma manya na tsaye suna kallo. Masu shaf ɗin ma washegari suka aiko a karɓo musu ƙarfensu.

Ƙaramar giranda tana juyi wajen 11,000 a minti. Faifan inci 9 an rubuta a jikinsa kada ya wuce 6,600. Cinyewar da ya yi ba ta canja wannan lambar ba. A iyakar gudun da aka yarda masa ma, bakinsa na tafiyar mita 80 a daƙiƙa, wato kilomita 288 a awa. Ku lissafa da kanku abin da zai yi wa fuska idan an kusan ninka masa.

Kada a cire murfi. Kada a ɗora babban faifai a kan ƙaramin inji. Ƙarfe mai kauri a ɗaure shi a bais, guntun da za a cire ya zama yana lilo a waje, ya faɗi da kansa. Idan ka tallafe baki biyu ka yanka tsakiya, sai ya matse, ko kai wane ne.

Shaf da sifirin ba rodin gini ba ne, an ƙona su sun yi tauri. A bar faifan ya ci da kansa, a juya ƙarfen, a daina danne inji kamar ana yankan rago. Kuma faifai yana da wa'adi, yawanci shekara 3, an buga watan da shekarar a kan zoben ƙarfen da ke tsakiyarsa. Mutum nawa ke dubawa? Faifan da ya kwana a ƙasa da damina ya sha laima, ko ya faɗi daga benci, a karya shi a zubar, kada a yi kyautarsa, tunda kyautar ce ta kai mu nan. Faifan yanka ba na guga ba ne. Tabarau a ido, janareta da galan ɗin fetur nesa da tartsatsi, hannun riga a naɗe. Yara kuma a kore su daga wurin, ba a mayar da su bais ba. Murfi dai, murfi.

Ku kuma masu kawo aiki, idan kuna sauri ku tafi da ƙarfenku. Iyaye masu janye yaro daga shago don ya iya kunna inji, ku tambayi maigidansa tukuna, ku kuma saurari amsar.

A satin nan ma na wuce wata rumfa a bakin kasuwa, giranda tsirara, wayarta an ɗaure da leda. Na tsaya na yi magana, mai rumfar ya ce murfin na hana shi ganin layi. Na ce ya nemo murfin ya kawo in ɗaura masa kyauta, in nuna masa yadda ake karkata shi. Har yau bai zo ba.