Daga Tsibirin Birtaniya Zuwa Dutse: Nisa da Lokaci a Sararin Sama

Birtaniya tsibiri ce, wato ruwan teku ya kewaye ta ta kowane gefe. Tsakanin babban birninta, Landan, da Dutse ta Jihar Jigawa akwai kimanin kilomita 4,500 idan aka miƙe ta sama. Tambayar wannan darasi ita ce: shin sanin nisa kaɗai ya isa a faɗi tsawon lokacin tafiya?

Ƙa'idar lissafin mai sauƙi ce: a raba nisa da gudu, sai a sami lokaci. Babban jirgin fasinja yakan yi gudun kilomita 900 a awa ɗaya idan ya daidaita a sama. In aka raba 4,500 da 900, amsa ita ce awa 5.

Sai dai wannan amsa ta takarda ce. Da farko, jirgi ba ya kai cikakken gudunsa yayin hawa da sauka. Na biyu, ba ya bin miƙaƙƙen layi, sai hanyoyin da masu kula da zirga-zirgar sama suka shata masa. Na uku kuma akwai iska. Alal misali, idan iska mai gudun kilomita 100 a awa ta fuskanci jirgin, gudunsa a kan ƙasa zai koma 800, tafiyar ta zama awa 5 da kusan minti 38. In ta bayansa take busowa, awa 4 da rabi sun isa. Bugu da ƙari, ko da yake an buɗe filin jirgin sama na Dutse a 2014, matafiyi daga Landan yakan fara sauka a Abuja ko Legas, kuma zaman jira ma lokaci ne.

Tsuntsaye masu ƙaura sun fi bayyana wannan gaskiya. Tsattsewar da ke barin Birtaniya wajen watan Satumba zuwa Afirka takan ci kimanin kilomita 300 a rana. Da wannan gudu, nisan da jirgi zai yi cikin 'yan awoyi zai ɗauke ta kwana 15, ban da kwanakin hutu. Man tsuntsu shi ne kitsen jikinsa, kuma hamadar Sahara takan cinye shi. Don haka ne dausayi irin na Baturiya, a yankin Haɗeja, yake da muhimmanci: nan tsuntsayen Turai da dama suke samun ruwa da abinci. Madatsun ruwa na Tiga (1974) da Challawa (1992) sun rage ambaliyar da ke ciyar da wannan dausayi, kuma tsuntsun da ya rasa masauki ba lallai ne ya ƙarasa tafiyarsa ba.

A taƙaice, nisa ba ya canzawa, amma lokaci ya dogara ga gudu, da iska, da hanya, da zango.

Aiki ga ɗalibai: jirgi mai gudun kilomita 750 a awa ya sami iska mai gudun kilomita 150 ta bayansa. Awa nawa zai yi daga Landan zuwa Dutse?