Madubin Wheatstone da Batun Ɓoyayyun Fuskokin Sarari

A shekarar 1838, masanin kimiyya ɗan Ingila, Charles Wheatstone, ya gabatar da na'urar da ya kira sitiriyoskof. Hujjarsa ita ce, tsakanin idanun mutum akwai tazarar kimanin santimita 6, don haka abin da idon dama ke gani ya ɗan sha bamban da na hagu. Da ya nuna wa kowane ido zanensa ta madubi, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa zanen biyu, ta samar da zurfin da babu shi a kan takarda.

Tun da zurfi na iya ɓuya haka, shin bayan tsawo da faɗi da zurfi, akwai wata fuskar sarari da ido bai riska ba? A 1921 Theodor Kaluza ya ƙara fuska ta biyar a kan huɗun Einstein, wato ukun nan da lokaci. A 1926 Oskar Klein ya ce a naɗe take, ta kuma yi ƙanƙanta ainun: igiya daga nesa layi ce kawai, amma tururuwa tana iya zagaye ta.

Sai dai kwatancen yana da rauni. Na'urar Wheatstone dabarar ƙwaƙwalwa ta bayyana, zurfin kuwa hannu ya riga ya san shi. Ita fuskar Klein a lissafi take, kuma gwaje-gwajen cibiyar CERN da ke kusa da Geneva ba su gano alamarta ba tukuna.