Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Hana Filin Ƙwallo Ƙarewa a Kan Lokaci?

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne a Adjamé da ke Abijan, ina sayar da rigunan ƙwallo da tutoci, ƙanena kuma yana da rumfa a Treichville. A shekarun da suka gabaci gasar cin kofin Afirka mun sha wuya: yau a ce wasa a nan, gobe a ce can, jibi mu ji an kai shi wata ƙasa. Don Allah me ke sa aikin filin wasa yake jan lokaci haka? Kuma wane ne ke da ikon cewa ga inda za a buga?

AMSA: Allah ya sa albarka a kasuwa, Alhaji. Bari in fara da tambayarka ta biyu, don ita ce ke buɗe ta farkon.

Gwamnati ce ke gina fili, amma ba ita ke cewa a buga wasan ƙasa da ƙasa a cikinsa ba. Wannan iko na Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka ne, wato CAF. Masu bincikenta su ne ke zuwa su duba ciyawa, da hasken fitilu, da ɗakunan canja kaya, da kujerun 'yan kallo, da ƙofofin shiga da fita, da wurin likitoci da na 'yan jarida. In abu ya gaza, sai a cire filin daga jerin waɗanda aka amince da su, ko da jiya shugaban ƙasa ya buɗe shi. Daga nan dole hukumar ƙwallo ta ƙasar ta nemi wani fili, a gida in akwai, a waje in babu. Sau da yawa ana jan ƙafa, ana fatan ɗan kwangila zai gama kafin ranar, shi ya sa sanarwa ke iso muku a ƙurarren lokaci.

Abin da ya same ku a Kodebuwa ke nan, kuma yana da tarihi. A 2014 CAF ta raba gasa uku a zama ɗaya: 2019 ga Kamaru, 2021 ga Kodebuwa, 2023 ga Gini. A 2017 kuma ta ƙara yawan ƙasashen gasar daga 16 zuwa 24, abin da ke nufin ana bukatar filaye shida maimakon huɗu. Duk wanda ya riga ya yi lissafinsa sai da ya sake. Kamaru ta kasa gamawa, a ƙarshen Nuwamba 2018 aka karɓe gasar daga hannunta daga baya aka ba Masar, aka matsar da Kamaru zuwa 2021, Kodebuwa zuwa 2023, Gini zuwa 2025. Ita Gini daga baya ma rasa tata ta yi gaba ɗaya, Maroko ta karɓa. A Yulin 2022 kuma aka sake ɗage taku daga Yuni da Yulin 2023 zuwa Janairu da Fabrairun 2024, saboda tsoron damina. Ka ga tun daga sama ranar ba ta zauna wuri ɗaya ba.

Yanzu mu sauko Abijan. Filin da kuka saba da shi, na Félix Houphouët-Boigny da kuke kira Félicia, yana unguwar Plateau, tsakaninku da ƙanenka. Kai daga Adjamé gangarowa kawai za ka yi, shi kuma daga Treichville gada ɗaya zai haye. Tsohon fili ne, tun zamanin mulkin Faransa, a nan aka yi gasar Afirka ta 1984. Gyaransa ya zama wajibi, kuma ba zan taɓa cewa kuskure ne a rufe shi ba: a ranar 29 ga Maris 2009, a wasan Kodebuwa da Malawi, turmutsitsi a bakin ƙofofinsa ya ci rayukan aƙalla mutum 19. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. An ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aikin, aka rufe filin shekaru, ba a koma buga manyan wasanni a cikinsa ba sai ƙarshen 2023.

An rufe shi ne da tunanin akwai madadinsa, sabon filin Alassane Ouattara na Ebimpé, can arewa wajen Anyama, mai ɗaukar mutum 60,000, wanda ƙasar Sin ta gina. An aza harsashinsa a Disambar 2016, aka buɗe shi ranar 3 ga Oktoba 2020. Gini ne mai ban sha'awa, babu musu. Amma ciyawarsa ba ta yi ba. A Satumbar 2021 Giwayen Kodebuwa suka doke Kamaru da ci 2 da 1 a cikinsa, Sébastien Haller ne ya zura duka biyun, kuma bayan wannan wasa aka sake rufe filin. A lokacin Félicia na hannun magina, na Bouaké ma haka, sauran sababbin ba su kammala ba. Ƙasa guda, mai 'yan wasa a manyan ƙungiyoyin Turai, ta wayi gari ba ta da fili ko ɗaya da CAF ta yarda da shi. Dole ta karɓi baƙuncin Malawi da Mozambik a Kwatano, a Jamhuriyar Benin, a wasannin neman gurbin kofin duniya na 2022. Ƙungiyar ASEC Mimosas ta Abijan ma a Kwatano ta yi wasannin gidanta na gasar ƙungiyoyin Afirka a wancan lokacin. Sai a tsakiyar 2022 aka samu sauƙi da filin Yamoussoukro.

A ganina nan ne babban laifin yake, ba a jinkirin ba. Jinkiri yana da dalilai da kowa zai iya fahimta: kuɗi na fitowa kashi-kashi, kaya na zuwa ta jirgin ruwa, annobar korona ta tsayar da komai a 2020, damina kuma ba ta jiran ɗan kwangila. Abin da ba shi da uzuri shi ne a rufe dukkan filaye lokaci ɗaya ba tare da an tabbatar guda yana tsaye da ƙafarsa ba. Mai riga ɗaya ba ya kai ta wanki ranar sallah.

Sai batun ciyawa, wanda mutane ke rainawa. Ido na ganin rufi da fitilu da kujeru masu launi, ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin ƙafa. Ƙarƙashin ciyawar filin zamani akwai shimfiɗar tsakuwa da yashi da bututun da ke janye ruwa, kuma ita kanta ciyawar tana bukatar watanni kafin saiwarta ta kama, sannan ma'aikata masu sani su riƙa kula da ita kullum. In an gaggauta wannan don a cika ranar biki, ruwan sama na farko zai tona asiri. Haka ya faru ranar 12 ga Satumba 2023: an sake buɗe Ebimpé bayan doguwar rufewa, ana wasan sada zumunta da Mali, ruwa ya sauko, filin ya zama tafki, aka tashi wasan bayan rabin lokaci. Saura wata huɗu gasa. Jama'a suka fusata, jaridu suka yi ta tambayar inda sefa biliyan 20 na gyaran suka shiga, har ministan wasanni na lokacin, Paulin Danho, ya fito ya ba da haƙuri.

Gaskiya kuma a faɗe ta: daga ƙarshe an gyara. An buɗe gasar a Ebimpé ranar 13 ga Janairu 2024, an buga a Bouaké da Korhogo da San-Pédro da Yamoussoukro da Félicia, kuma ranar 11 ga Fabrairu Kodebuwa ta ɗaga kofi bayan doke Najeriya da ci 2 da 1. Wata huɗu bayan nan abin ya juya: Benin, wadda ta ba ku masauki a 2021, ita ce ta rasa amincewar CAF, ta zo Félicia ta karɓi Najeriya ranar 10 ga Yuni 2024, ta kuma ci 2 da 1. Matsalar ba taku ba ce ku kaɗai. Mena ta Nijar ta sha buga wasan gidanta a Maroko, magoya bayan Kano Pillars kuwa sun san tafiya Kaduna da Katsina don kallon wasan da sunansa na gida ne.

Shawarata gare ka, Alhaji, kada ka sari kaya bisa maganar ɗan kwangila ko jawabin ranar buɗe fili. Jira sanarwar hukumar ƙwallo ta ƙasa bayan CAF ta fitar da jerin filayenta, ita ce abin dogaro. Ka kuma sa hanya cikin lissafi, don wasa a Félicia da wasa a Ebimpé ba ciniki ɗaya ba ne. Na Félicia mutane na ratsa Adjamé da Treichville a ƙafa, suna tsayawa su saya. Na Ebimpé kuwa sai an cika motocin gbaka an bi ta Abobo, cikin cunkoso, kowa na sauri. Jirgin ƙasa na cikin gari da Shugaba Ouattara da Shugaba Macron suka ƙaddamar da aikinsa a Nuwambar 2017, wanda zai taso daga Anyama ya ratsa Adjamé da Treichville zuwa Port-Bouët, shi ne zai rage wannan nisa, amma har aka gama gasar bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba.